Ƙidayar Kaɗanya a Kalsiri

Litinin, 8 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Yau fayil ɗin ya iso teburina. Shekara goma sha ɗaya ina aikin gandun daji, na ƙirga itatuwa a filayen mutane ba adadi, ban taɓa buɗe fayil na ga sunan garinmu ba sai yau. Kalsiri. Hekta talatin, daga bakin rafi zuwa tsohon burtali. Wani kamfani ne zai gina gidaje ɗari huɗu a wurin. Sun haɗo da taswira mai launi, har da motoci an zana a ƙofar gidajen, da 'yan bishiyoyi kore-kore kamar alawa a kan tsinke.

Takardunsu duk sun cika, saura tamu. Kwamitin magajin gari ba ya ba da izinin gini sai mun je mun ƙirga itatuwan da aka hana sarewa, mun sa hannu. In ba su kai ɗari uku ba, a nan za a gama magana. In sun haura, sai fayil ya tafi Wagadugu, can kuwa yana iya shekara biyu a kan kanta, wani lokacin ma ya dawo da a'a.

A shafi na uku akwai sunayen waɗanda suka sayar da gonakin. Na farko a jerin yayana ne, Tiraogo, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga dangwalen yatsansa nan. Sau biyu na je gida tun Kirsimeti, bai ce min komai ba.

Na je wurin shugabanmu, Laftanar Bonkungu, na ce ya ba wani, garinmu ne. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ai shi ya sa na ba ki, Sibdu. Ke ba za su jefe ki ba."

Laraba, 10 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mun fara ƙirga. Ni da abokin aikina Drabo, da gwangwanin jan fenti. Drabo ɗan Samo ne, mu Mosi da su wasa ne tsakaninmu, don haka tun a kan babur yake faɗa min yau zai shiga ƙauyen bayinsa, ya kamata a yanka masa kaza.

Ba mu yi minti ashirin ba sai ga M'ma, mahaifiyata, da tulun ruwa a ka, a shekarunta. Drabo ya hango ta ya ɗaga murya, ya kira ta Yaaba, wato kaka da yarenmu.

"Yaaba Talato! Ina kazata? Haka ake tarbar ubangida?"

Ta ce, "Kaza? Mun ɗaure karnukanmu tun da muka ji kana tafe. Zauna ka sha ruwa, ɗan Samo, wuyanka kamar igiyar guga."

Ta ƙi komawa gida. Tana gaba muna biye, ita ce ke nuna mana. Ashe na manta kowace kaɗanya da sunanta a bakin matan nan. Ga Mai Rowa, wadda sai shekara biyu take 'ya'ya. Ga Uwar Tagwaye. Ga ta Kurma, ga wadda aradu ta tsaga ta ƙi mutuwa. Da muka zo wata babba kusa da suri ta dafa ta, ta ce wa Drabo, "Wannan ce ta kai Sibdu makaranta. Man wannan da na waccan. Ka sa mata fenti da kyau."

Bana sun yi 'ya'ya sosai, rassan har sun sunkuyo. M'ma ta ce rabon da ta ga haka tun shekarar da Baba ya rasu. Saura kusan wata biyu su fara faɗowa.

Ba ta tambaye ni abin da fentin yake nufi ba. Ta sani. Duk matan sun sani. Maza ne suka sayar da ƙasa, ba wanda ya tambayi masu tsintar kaɗe.

Juma'a, 12 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Ɗari shida da goma sha huɗu. Kaɗanya ɗari biyar da biyu, sauran ɗorawa da tsamiya da kuka uku.

Na yi wa M'ma bayanin ɗari ukun nan. Ta sa na maimaita. Sai ta juya ga matan da suka taru a gindin tsamiya ta ce, "Kun ji? Sun ninka har da ƙari. 'Yata ce ta ƙirga, da kakin gwamnati a jikinta." Wata ta rangaɗa guɗa. Drabo ya yi rawar Samo, suka ce kamar akuya ta taka garwashi.

Na dawo gida da sauƙin zuciya. Ina rubuta wannan don in tuna an yi irin wannan ranar.

Litinin, 15 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Laftanar ya dawo min da rahoton. Ya ce akwai gyara. Na duba, ban ga ko waƙafi da ya ɓata ba.

A ofishinsa na tarar da mutumin kamfanin, Kiemde. Ban yi zaton haka yake ba. Siriri, mai sanyin murya, ya miƙe tsaye da na shigo. Ya tambayi lafiyar M'ma da sunanta. Ya ce shi ma da man kaɗe aka yi renonsa, ba ya son ganin itace a ƙasa, amma mutane na kwana goma-goma a ɗaki ɗaya a cikin gari, ina za su? Ya ce sun ware gidan kusurwa, mai famfo, don tsohuwa ta huta da ɗaukar tulu.

Na ce tsohuwa tana da ɗakinta.

Ya yi murmushi ya ce to, Allah ya bar mana iyayenmu. Da ya fita Laftanar ya ce, kamar hira, an turo takarda ana neman ma'aikata biyu da za a kai gabas, inda 'yan bindiga suke, kuma shi ne zai ba da sunaye. Ya ce abin yana damunsa, musamman ga masu ƙananan yara. Ni da shi mun san yadda aka dawo da na ƙarshe da aka kai can.

Na mayar da rahoton kan teburinsa yadda yake.

Talata, 16 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Zafi tun da sassafe. Ban ci komai ba jiya.

Lahadi, 21 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Daga coci na wuce Kalsiri. Na sami Tiraogo a bayan gida yana gyaran amalanke. Na gaishe shi kamar yadda ƙanwa take gaida wa, sannan na tambaye shi.

Ya ce, "Hau kan rumbun nan ki duba yamma, ki faɗa min abin da kika gani."

Ba sai na hau ba. Rufin kwano ne har iyakar gani. Shekara biyar da suka wuce gonakin mutanen Yasba ne a wurin.

Ya ce, "Su sun ƙi sayarwa. Aka zo aka yanka filoti aka ba su ɗaya-ɗaya, aka ce su gode. Ni aƙalla na zauna da mutanen an yi magana. Gonar nan buhu nawa ta ba ni bara? Ke kina can ƙarshen wata na zuwa ya same ki. Ni 'ya'ya shida."

Na ce, "To M'ma fa? Matarka fa? Da me suke yin cefane in ba kaɗen nan ba?"

Ya ce, "M'ma ta tsufa." Ya ci gaba da bugun ƙusa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An ce ke ce kika tare hanya. Duk gari maza suna kallona. Suna cewa ƙanwata ta fi ƙarfina."

M'ma ta dafa tuwo da miyar kuka, daddawarta ta bana. Mu uku a tsakar gida ɗaya, ba mai magana sai ita, tana ba da labarin akuyar maƙwabta.

Laraba, 24 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Matar katikis, malamin cocinmu, ce ta kira ni da safe, ta miƙa wa M'ma wayar. Ban gane muryarta ba. Cewa kawai take, "Zo. Zo ki gani."

Ba a sare su ba. Da an sare su da ya fi min sauƙin kallo. An bi su ɗaya bayan ɗaya an zagaye gindin da gatari, an ɓare ɓawon kamar faɗin tafin hannu, wasu an tara musu karan dawa an cinna wuta. Suna nan tsaye da ganyensu da 'ya'yansu. Farin ruwansu ya zubo ya daskare a jiki. Duk wanda ya san itace ya san sun gama. Ba aikin rana ɗaya ba ne, ba kuma na mutum ɗaya ba. Sun fara daga can wajen rafi inda mata ba sa zuwa a wannan lokacin.

M'ma ta kwaɓa laka da kashin shanu tana shafa wa ta kusa da suri, tana ɗaurewa da tsumma. Na ce mata ba zai yi ba. Ta ce, "Ke da kika yi karatun, kawo abin da zai yi."

Na durƙusa na duba saran da kyau, aikina ne. Gatari uku ko huɗu. Mafi yawan saran, mafi zurfi, daga hagu yake gangarowa. Saran bahago.

Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Bahagwai suna da yawa a duniya.

Juma'a, 26 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Laftanar ya yi ta faɗa a gaban kowa, ya ce ɓarna ce, rashin imani ne, sai an gano su. Da muka rage mu biyu ya ce tun da al'amura sun canza, dole a sake ƙirga. Itacen da aka zagaye ba ya shiga lissafin masu rai. Gaskiya ne, haka yake a littafinmu. Ni kaina na koya wa sababbin ma'aikata wannan.

Wa ya faɗa musu? Mutumin ƙauye zai sare itace ne in yana son ya rabu da shi. Wa ya faɗa musu zagayewa ta isa?

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Kwana biyu muna ƙirga, da farin fenti wannan karon. Ba wadda ta kawo ruwa. Matan suna tsaye daga nesa. Ganyen waɗanda aka ƙona ya bushe ya nannaɗe, 'ya'yan suna zubowa ɗanye, ƙanana, muna takawa.

Masu rai ɗari uku da arba'in da ɗaya.

Ba su iya gamawa ba. Sun kashe ɗari biyu da saba'in da uku, amma har yanzu an haura. Na zauna a ƙasa na sake haɗa lissafin sau uku. Ban san ko murna nake ba.

Drabo bai tsokane ni ba yau ko sau ɗaya. A hanyar dawowa ya tsayar da babur wai zai sha taba. Ya ce, "Ranar da muka ci tuwo a gidanku, na lura da hannun da wani ya karɓi moɗa."

Na ce ban san abin da yake nufi ba.

Ya ce, "To. Ni ma ban sani ba." Ya taka tabar bai sha rabi ba.

Alhamis, 2 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Laftanar ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in fayil ya tafi Wagadugu da ƙirga biyu a ciki, ɗari shida da ɗari uku, tambayar farko da za su yi ita ce ina sauran. Za su turo jandarmomi. Jandarmomi kuwa ba sa wuce kwana biyu a ƙauye ba su sami suna ba. Ya ce irin wannan ɓarnar ba tara ba ce, gidan yari ne. In kuwa a nan aka gama, ƙirgar farko ba ta taɓa fita daga aljihun teburinsa ba.

Ya ce, "Arba'in da biyu ne kawai, Sibdu. Akwai ƙanana a ciki, akwai masu rami, akwai na kan iyaka da ba a tabbatar ba. Ba ƙarya nake ce ki yi ba. Ki sake duba ido."

Na faɗa wa Anatol bayan yara sun fita wasa. Mijina malamin makaranta ne, yana son komai a jere a kan allo. Ya ce, "Me kike so in ce? In ce ki tsaya a kan gaskiya, a kai ki gabas, a ɗaure yayanki? Ko in ce ki sa hannu?" Na ce ina son ya ce wani abu. Ya ce, "'Yarmu Wendyam shekararta huɗu."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya je ya ɗebo ruwa.

Asabar, 4 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Tiraogo ya zo gidana. Tun da na yi aure sau biyu ya taɓa zuwa. Ya kawo zabi guda biyu. Ya ƙi shiga ɗaki, ya zauna a kan turmi a tsakar gida. Hannunsa a naɗe da tsumma, ya ce tukunya ce ta ƙone shi.

Mun yi maganar zafi, mun yi maganar ruwa da ya ƙi zuwa. Sai ya ce, "In mutum ya yi irin wannan abin, shekara nawa ake ba shi?"

Na faɗa masa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Cewa aka yi in an yi haka za a sauƙaƙa miki. Wai ba sai kin yi ƙarya ba." Wannan mutumin shi ya goya ni ya ƙetare rafi da ni duk damina har na gama firamare. Ya ce, "Ta kusa da surin ba ni ba ne. Na ce musu su bar ta. Wallahi na ce."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Da na fito ya tafi, zabin suna nan a ɗaure suna haki.

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

An gama abin da za a yi. Bai ɗauki minti ɗaya ba.

Drabo bai zo aiki ba, ya aiko cewa cikinsa ke ciwo. Sa hannun mutum biyu ake bukata, Laftanar ya sa nasa a gurbinsa.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na wanke kaki. Na goge. Na share tsakar gida sau biyu.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Matar katikis ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Kwamiti ya zauna. Na duba agogo, minti goma sha ɗaya. An karanta lambar da ke rahoton, aka tambaya ko akwai mai magana, babu. Aka buga hatimi. Sharaɗi ɗaya aka sa wa 'yan kamfanin, su dasa itace dubu a gefen tituna. Darbejiya da itacen turare.

Na tari Kiemde a bakin mota. Na ce abu ɗaya nake roƙo, su jira ƙarshen Agusta, matan su tsince na bana. Ko wata huɗu bai kai ba. Na ji kaina ina cewa don Allah.

Ya saurare ni har ƙarshe, shi kullum yana saurare. Ya ce da a hannunsa ne da ya yi, amma an riga an ɗauko hayar katafila, kuma in damina ta zauna ƙasar wurin ba ta shiguwa. Ya ce zai sa a bar wa matan rassan su yi girki. Ya ce, "Mun gode da fahimtarki, Madam."

Ya shiga motarsa ya tafi.

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Ban je coci ba. Ban kira M'ma ba.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Ruwan farko. Kowa ya fito yana murna, yara suna tsalle a kwata. Ban kira M'ma ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Matan sun zo ofis. Su tara, a ƙafa, daga Kalsiri. An liƙa takardar izinin a allon magajin gari, katikis ya gani ya karanta musu.

Ina zaune a teburina na ji muryar M'ma a baranda tana gaida masinja. Ta sa zanenta na zuwa coci. Ba ta taɓa shiga ofishina ba. Ta tsaya ta dubi fanka, ta dubi hoton itatuwa da ke bango, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Katikis ya ce ɗari biyu da casa'in da tara. Na ce masa idonsa ne, ya sake dubawa. Ya ce har sunanki yana ƙasa."

Na ce, "M'ma, mu je waje."

Ta ce, "A nan kika rubuta, a nan za ki faɗa min. Waɗanda aka kashe na sani, na ƙirga su da dutse. Masu rai nake tambaya. Wacce ce ba ki gani ba? Mai Rowa ce? Tana nan, jiya na wuce ta. Ta Kurma ce? Faɗa min sunayensu, Sibdu, in je in faɗa musu ba sa nan."

Laftanar bai fito ba. Ina jin kujerarsa tana motsi a bayan ƙofa.

Da kalma ɗaya zan iya kare kaina. Suna ɗaya. Tana tsaye a gabana, 'ya'ya biyu ne suka rage mata a duniya, ta riga ta rasa ɗaya, wato ni, a cikin ɗakin nan. Ban faɗi sunan ba.

Ta ce, "To ko ni ce zan je asibitin ido." Ta gyara zanenta. Drabo ya miƙe ya ce zai nemo musu mota. Ta ce, "Bar shi, ɗana, da ƙafa muka zo." Ba ta ce masa ɗan Samo ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Ɗari biyu da casa'in da tara. Ko kunyar in rage da yawa ban yi ba, ɗaya tak na sauko ƙasa da iyaka. Na ɗauka hakan ya fi kusa da gaskiya.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An fara. Dole ma'aikacin gandun daji ya tsaya a wurin ranar farko, kuma sunana ne a takarda.

Katafila biyu da zarton inji huɗu. Babba ba ta wuce minti shida. Ƙasa tana girgiza a tafin ƙafa in ta faɗi, sai tsuntsaye su tashi su yi ta zagaya wurin da take.

Matan sun zo da kwanduna. Duk wadda aka kayar sai su ruga cikin rassan suna tsinkar 'ya'yan, direba yana musu ihu su matsa. Ɗanye ne, ƙwallon bai ƙosa ba, ba mai a ciki. Sun sani. Suna tsinka duk da haka. Saura mako biyu. Mako biyu kawai.

Tiraogo yana can da riga mai ruwan lemo, an ɗauke shi gadi. Aikinsa ya hana mutane matsowa kusa da inji. Na ga matarsa ta bi ta gabansa da kwando kamar ba mutum a wurin. Ba mu gaisa ba.

M'ma ba ta zo ba.

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Sunayen gabas sun fito. Drabo ne da wani yaron da bai yi shekara da fara aiki ba.

Na same shi yana kwashe kayan aljihun teburinsa cikin leda. Na ce masa ni ce ya kamata. Ya ce, "Kai, Mosi da son sarauta, har wannan ma sai kin ƙwace?" Ya yi dariya, ni ban iya ba. Ya miƙo min gwangwanin jan fentin, ya ce saura kaɗan a ciki, kar ya bushe a banza. Matarsa tana da ciki wata bakwai. Ya ce in riƙa leƙa ta.

Na ce, "Me ya sa ba ka sa hannun ba?"

Ya ce, "Cikina ne ke ciwo, ba na faɗa ba?"

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Anatol ya ce ina ƙirga a cikin barci.

Lahadi, 26 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na je. Ban sa kaki ba. Na sayi sabulu da gishiri da busasshen kifi.

Daga kan titi yanzu ana hango gidanmu. Ban taɓa sanin kusa yake haka ba. Jar ƙasa ce shimfiɗe har rafi, da turakun siminti a jere, da tsibin kututture ana ƙonawa. Na ɓata hanya a wurin da aka haife ni, sai da na bi sawun amalanke.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Da ta gan ni ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da kujerar ƙarfen nan da ake ba fadan coci in ya zo, ta goge ta da bakin zane, ta ajiye a inuwa. Ta dama zomkom, ruwan geron da muke tarbar baƙo da shi, a sabuwar ƙwarya, ta rusuna, ta miƙo min da hannu biyu.

Na ce, "M'ma, mene ne haka?"

Ta ce, "Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya aiki?"

Na ce, "M'ma, ni ce."

Ta ce, "Ya maigidan? Ya yara?" Ta bi gaisuwar har ƙarshenta, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na sauka daga kujerar na zauna a ƙasa kusa da ita, na jawo faifan waken. Ta janye shi a hankali. Ta ce baƙo ba ya aiki.

Na zauna awa biyu. Ta karɓi sabulun ta yi godiya, ta sa albarka mai tsawo. Ta ce a gaida manyan ofis. Da na tashi tafiya ta rako ni har bakin zaure, ta tsaya daidai inda ake tsayawa in an raka baƙo.

Na tura babur ɗin har titi ban tayar ba, ko za ta kira sunana. Da na waiwaya tana mayar da kujerar ɗaki.